Kafin a sa hannu a kan kwangilar manhaja, a tambayi wanda ya gina ta

A ofisoshin Abuja, idan ana maganar sayen manhaja, tambaya ɗaya ce ke yawo a teburin taro: nawa ne? Ina ganin akwai wadda ta fi ta nauyi: shin ma'aikatanmu za su iya ɗaukar rubutun asali na wannan manhaja su gina ta da hannunsu?

Uwar manhaja, wato wadda ke tafiyar da kwamfuta baki ɗaya kamar Windows ko Linux, ba ta haifar kanta. A 1991 Linus Torvalds, yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, a kan Minix ya rubuta Linux ya kuma gina ta. NetBSD ma tun 2002 take da tsarin da zai ba mutum damar gina ta yana zaune a kan Linux. Don haka ma'aikacin da ke cewa "ai ba irinta ce a kwamfutarmu ba" uzuri kawai yake nema.

Amma aikin yana da tarko. Rubutun da mutum ya yi sai an sami tafinta, wata manhaja da ke juya shi zuwa harshen na'ura, kuma tafintan farko na gidan da aka sauka ne. Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro Unix, ya nuna a 1984 cewa ana iya koya wa tafinta ya dasa ɓoyayyar ƙofa a duk abin da ya fassara, rubutun asali kuwa ya kasance tsaf. A Maris 2024 an kama makamancin haka a manhajar xz: wani ɓangare na mugun abin yana cikin ƙunshin da ake rabawa, babu shi a rumbun rubutun da jama'a ke dubawa, kuma sai lokacin gini yake shiga.

Wannan ne ya sa nake ganin gini a kan baƙuwar uwar manhaja riba ne. Idan an gina abu ɗaya a gidaje biyu da ba su da alaƙa, aka kwatanta sakamakon, bambanci zai tona asiri. Aikin Debian ya fara bin wannan hanya tun 2013, yana neman kowane gini ya fito daidai da ɗan'uwansa.

Na san jami'in saye ba injiniya ba ne, kuma lokacinsa kaɗan ne. Abin da ke hannunsa shi ne sharuɗɗan kwangila: ɗan kwangila ya miƙa rubutun asali da bayanin matakan gini, sannan ma'aikaci ɗaya a sashen fasahar sadarwa ya gwada su a kwamfutar ma'aikata kafin a biya kason ƙarshe.