Kada Mu Zubar da Irin Shinkafar Kakanninmu

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, ina so mu duba wata magana ta gona. A garinmu Ashige, a ƙasar Lafiya, da ƙauyukan da ke kewaye, manoma da yawa sun koma kan sabon irin shinkafa, musamman FARO 44 wadda suke kira Sipi. Tsofaffin iri kuwa sai raguwa suke yi, ba mai kula. A ganina wannan hasara ce babba, ga kuma dalilina.

Kun san bambancin gero da maiwa. Gero yakan ƙidaya kwanakinsa ya fid da kai, amma maiwa sai ta jira ƙarshen damina. To, haka shinkafa take. Sipi tana nuna cikin wata huɗu ko ƙasa da haka, ko yaushe aka shuka ta. Amma da yawa daga irin dā, masu nauyi, tsawon yini suke bi. A wajenmu yinin watan Yuni bai fi na Disamba da abin da ya wuce kamar sa'a ɗaya ba, amma ganyen shinkafa yana jin wannan ɗan bambanci. In dare ya soma tsawo sai ta yi ciki, ta fid da kai, bayan kamar kwana 30 ta nuna. Masana a Japan sun gano ɗaya daga ƙwayoyin gadon da ke wannan aiki a 2000, suka sa mata suna Hd1. Kowane iri da irin nasa gadon, shi ya sa wani ke riga wani fure.

Me wannan ya amfana wa manomi? In ruwa ya makara ya yi shuka a makare, mai nauyi ba za ta ɓata lissafi ba, za ta yi fure a lokacinta. A fadama mai zurfi kuma takan jira ruwa ya ja, a yanke ta a busasshiyar ƙasa. Mai sauri kuwa ita ke fid da gida daga yunwar tsakiyar damina. Lokacin fure shi ne lokacin da shinkafa ta fi rauni: fari na 'yan kwanaki, ko zafin da ya wuce digiri 35, sai a sami zangarniya ba ƙwaya. Wanda ya shuka iri uku masu fure dabam dabam, da wuya masifa ɗaya ta kwashe masa duka. Mai iri ɗaya fa?

Wani zai ce, "Malam, ai sabon iri ya fi auki." Gaskiya ne, in an sami taki da ruwa. Shi ne kuma ya dace da noman rani. Ban ce a bar shi ba, ban kuma raina aikin tashar binciken shinkafa ta Badeggi ba, wadda aka buɗe tun 1953. Amma ku tambaya, daga ina sabon iri yake fitowa? Daga tsoho. Jar shinkafarmu ta Afirka, wadda aka fara nomawa a bakin Kwara a ƙasar Mali kusan shekara 3,000 da suka wuce, ita Dokta Monty Jones na Saliyo ya haɗa da ta Asiya ya sami NERICA, har aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 2004. FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka fitar a Nijeriya a 2017 don jure ambaliya, sun gaji wannan hali ne daga wani tsohon iri na manoman Indiya. Mu da muka ga ambaliyar Binuwai a 2012 da 2022 mun san darajar wannan. Da manoman nan sun cinye irinsu sun huta, ina za a samo shi? Ba a zubar da ruwan tulu don an ga hadari.

I, akwai ɗakunan ajiyar iri a Ibadan da Kodebuwa da Filifin. Amma sanin wace shinkafa ke son tudu, wace ke son fadama, yana bakin tsofaffinmu, su kuwa tafiya suke yi.

Ga shawarata. Kowannenmu in aka tura shi makaranta, ya sa yara su roƙo tafi guda na kowane tsohon iri daga gida. A shuka su jere a gonar makaranta, rana ɗaya. A rubuta sunan kowanne da harshen mai shi, ko Eggon, ko Alago, ko Hausa, da ranar shuka, da ranar fure, da ranar yanka. In kaka ta yi a mayar wa iyaye rabonsu, a ajiye saura. Yara sun koyi lissafi da rubutu da aikin gona ke nan, gari kuma bai rasa irinsa ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.