Ƙwaya Ba Ta Ɗora Ƙashi: Jan Kunne Ga Mai Son Komawa Fagen Gudu

Duk malamin da ya taɓa kula da wasanni a makarantun sakandare na kudancin Kano, tun daga Yako da Ƙiru da Bebeji har zuwa Tudun Wada da Doguwa, ya san irin wannan yaro. Shi ne wanda ba a kama shi a gudun mita 5,000, wanda ya saba sassarfa a hanyar gona tun yana ƙarami. Rannan sai ya fara ɗingishi, yana nuna wani wuri guda a ƙwaurinsa. Aka ce ya huta. Bayan mako biyu, da gasa ta matso, sai ga shi ya dawo fili da ƙunshin ƙwayoyi a aljihu, wai wani mai kemis ya ce za su mayar masa da ƙarfinsa. Na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, kuma ra'ayina shi ne, malamin da ya bar yaron nan ya shiga layi ya cuce shi.

Dalilina yana cikin yadda jiki yake gyara kansa. Sassan jiki ba sa warkewa a lokaci guda. Tsoka tana da wadatar jini, saboda haka ƙaramin rauninta yakan warke cikin 'yan makonni. Agara, wato jijiyar nan mai tauri da ta haɗa tsokar sha-raɓa da diddige, jininta kaɗan ne, takan ɗauki watanni. Shi kuwa ƙashi, idan yawan dukan ƙasa ya sa ya yi 'yar siririyar tsaga, yakan buƙaci makonni 6 zuwa 8, wani lokaci fiye da haka, kuma sau da yawa tsagar ba ta fitowa a hoton asibiti a makonnin farko. Inda gizo ke saƙar shi ne, zuciya da huhu suna riga ƙashi komawa daidai. Sai yaro ya ji numfashinsa ya dawo, ya ɗauka ƙafar ma ta shirya, alhali kuwa da sauranta.

Tarihin Abebe Bikila na ƙasar Habasha ya isa misali. A 1964 an yi masa tiyata a ciki, amma kafin makonni shida su cika ya lashe gudun famfalaki na gasar Olamfik a Tokiyo, har ya kafa sabon tarihin duniya. Shekara huɗu bayan haka, a Meziko, wannan gwarzo ya shiga gasa da tsaga a ƙashin ƙafarsa, bai ko kai rabin hanya ba ya fita. Wanda wuƙar likita ba ta tsayar ba, ƙashi ya tsayar da shi.

To, me ke cikin ƙunshin nan na aljihun yaro? Galibi abu uku ne, kuma ba ɗaya suke ba.

Mafi muni shi ne maganin kashe zafi, musamman tiramadol, wanda ba sai an gaya wa mutumin Kano irin ɓarnar da ya yi wa matasa ba. Zafi ɗan aike ne, shi ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa ƙashi bai haɗe ba. Wanda ya sha ƙwaya ya rufe bakin ɗan aiken, sa'an nan ya ci gaba da dukan tsagar nan sau dubbai a kowane zagaye na atisaye, har ta zama karaya sosai. Daɗin daɗawa, tun ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, wato WADA, ta haramta tiramadol a lokacin gasa.

Sai kuma garin nan da ƙwayoyin da ake sayarwa cikin gwangwani mai hoton ƙato, da sunan masu gina jiki. Matsalarsu ita ce, abin da aka rubuta a jiki ba lallai ne shi kaɗai ke ciki ba. A farkon shekarun 2000 wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya gwada irin waɗannan kayayyaki guda 634 daga ƙasashe 13, ya tarar 94 daga ciki, wato kusan kashi 15 cikin ɗari, suna ɗauke da sinadaran kumbura tsoka da aka haramta, ba tare da an ambace su a takarda ba. Wannan fa a manyan kantunan Turai da Amurka ke nan, balle wanda aka ƙulla a leda a kasuwar ƙauye, babu ko lambar NAFDAC. Dokar wasanni kuwa ba ta karɓar uzurin rashin sani: abin da aka samu a fitsarinka, kai ne da alhakinsa.

Na ukun ne kaɗai zan yi wa adalci, wato maganin ƙarin jini. Jini yana ɗaukar iskar da muke shaƙa ne ta hanyar wani sinadari mai ƙunshe da ƙarfe, kuma mai gudun da wannan sinadari ya yi wa ƙaranci zai riƙa haki tun zagayen farko. A yankinmu abin ba baƙo ba ne, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki da tsargiya, wadda ta zama ruwan dare a garuruwan da ke kusa da madatsar ruwa irin ta Tiga, duk suna rage jini, haka ma al'ada ga 'yan mata. Amma hanyar ita ce a je asibiti a auna jinin, a magance musabbabin, likita ya rubuta adadi. Ƙarfen da ya yi yawa a jiki shi ma guba ne.

Wani zai ce, ai manyan 'yan wasan duniya suna amfani da irin waɗannan abubuwa. Gaskiya ne. A 2017 kwamitin Olamfik na duniya ya tara masana, suka amince cewa 'yan ƙalilan daga ciki suna ɗan ƙara ƙwazo, har da sinadarin nan da ke cikin goro da gahawa. (Ashe dattawanmu masu ɗaukar goro in za su yi doguwar tafiya ba su yi wauta ba.) Sai dai ƙarin ɗan kaɗan ne, ga balagaggen da yake lafiya lau, mai likita a gefensa. Ba a yi maganar ɗan shekara 16 mai ciwon ƙwauri ba.

Abin da jiki mai gyara yake nema yana cikin kasuwar Yako. Masana sun ƙiyasta ɗan wasa yana buƙatar giram 1.2 zuwa 2 na furotin a kullum ga kowane kilo na nauyinsa, wato yaro mai kilo 50 zai nemi giram 60 zuwa 100. Ƙwai guda yana ba da kimanin giram 6, gyaɗa kuwa kusan kwatanta furotin ne. A haɗa da wake da awara da ƙulikuli da nono, wanda ke ɗauke da sinadarin ƙarfafa ƙashi, da zogale da miyar kuka. Yaron da ke zuwa atisaye da kokon safe kawai, ba gwangwani ya rasa ba, abinci ya rasa.

Ga malamai kuma, shawarata ita ce kada ranar gasa ta zama ita ke yanke hukunci. Yaro ya fara iya tafiyar minti 30 ba zafi, ya iya tsalle a kan ƙafar da ta yi ciwo ita kaɗai. Daga nan ya riƙa haɗa tafiya da sassarfa a ƙasa mai laushi, yana hutawa kwana ɗaya tsakani, ana ƙara nisa kaɗan-kaɗan kowane mako. In zafin ya dawo wuri guda, ko ya kwana ya tashi da shi, a koma baya, a nemi likita. In kuwa hakan ya sa gidan su yaron ya rasa kofin bana, a sa sunansa cikin masu riƙe agogo a bakin layi, a ajiye masa gurbinsa na baɗi.