Ingilishi ta ƙofar Faransanci: har yaushe?

A shekarar 2025, kundin sake gina ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasar Nijar, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Amma a azuzuwanmu na Agadas, ɗalibi ba ya isa ga ma'anar kalmar Ingilishi sai ya biyo ta Faransanci. Ga sakamakon: ya ga library, ya tuno librairie, ya ce kantin littattafai, alhali ɗakin karatu ake nufi. Ya haddace manyan kalmomi tuli, ya kasa ƙulla jimla guda.

Masu cewa Hausa ba ta ɗaukar zurfafan ma'anoni, shin sun taɓa buɗe ƙamusun Bargery na 1934? Ko na Ingilishi zuwa Hausa da Roxana Ma Newman ta wallafa a 1990? Kalmomi muna da su; ƙamusun ne ba su kai hannun yaranmu ba.

Malamai da ƙungiyoyin raya al'adu, mu matsa a kawo su kowace makaranta. Kalmar da yaro ya kasa bayyanawa da harshen uwarsa, Hausa ko Tamajaƙ, aro ya yi, kuma zanen aro ba ya rufe katara.