Kada a Ɗora wa Shaiɗan Kayan da Ba Nasa Ba

A daren 31 ga Disamba majami'u sukan cika maƙil, daga Maraɗi da Dogonduci har Garwa da zangon Kumasi. Mutumin da ba a ga ƙeyarsa ba tun Ista, a wannan dare shi ne a bencin gaba. Da ƙarfe goma sha biyu ta buga sai a durƙusa, kowa ya ɗauki alkawari. Wannan zai bar giya, wancan zai biya bashi, waccan za ta karance Littafi Mai Tsarki daga farko har ƙarshe. Kafin hunturu ya wuce an koma gidan jiya. In aka tambaya, amsar ɗaya ce: aikin Shaiɗan ne.

Amsar nan tana da daɗin faɗi, gama tana wanke mai alkawari, tana kuma wanke mai wa'azin da ya zuga shi. Magabci yana da nasa aiki, ba mai musun wannan. Amma yawancin alkawaran nan ba sa bukatar magabci, da cutar ajalinsu ake haihuwarsu. Wani malamin jami'ar Scranton a Amurka, John Norcross, ya bi sawun mutum 200 masu alkawarin sabuwar shekara, sakamakon ya fito wajen 1988. Bayan mako guda, 77 cikin 100 suna riƙe da maganarsu. Bayan shekara biyu, saura 19 cikin 100.

Kuskure na fari shi ne ba wa dare ikon da ba shi da shi. Akwai masu wa'azi da suke sayar da daren nan kamar laya, wai duk wanda ya ƙetare shi cikin majami'a ya bar tsohon halinsa a waje. Ina aka samo wannan? Romawa ne suka sa farkon shekara a Janairu, sunan watan ma na gunkinsu ne, Janus mai fuska biyu. Kalanda takarda ce, sauya ta ba ya sauya zuciya. Mashayin da ya tashi ran 1 ga Janairu yana da ƙishirwar jiya, da abokan jiya, hanyarsa ta zuwa gida kuma har yanzu ta ƙofar mai dolo take bi. Hali ba ya kafuwa a dare ɗaya. Binciken da Phillippa Lally ta yi a Landan, wanda ya fito a 2009, ya nuna sabon hali yakan ɗauki kamar kwana 66 kafin ya zama jiki, wani ma har kwana 254.

Kuskure na biyu shi ne rashin lissafi. Littafi Mai Tsarki sura 1,189 ne. Wanda zai gama shi a shekara sai ya karanta sura uku kowace rana, wani lokaci huɗu. Farawa da Fitowa sura 90 ne, cike da labarai masu jan hankali, suna ƙarewa tare da Janairu. Da shigar Fabrairu sai mai karatu ya ci karo da Littafin Firistoci, da dokokin hadaya da na kuturta, ba kuwa wanda ya shirya shi domin wannan. Nan yawanci suke ajiye littafin. Haka yake ga mai alkawarin tara kuɗi. Ya ɗauke shi a watan da Kirsimeti ta riga ta share aljihu, bashin shinkafa da na tufafin yara yana bakin ƙofa. Almasihu kansa ya yi gargaɗi, cikin Luka 14, a kan mai ginin da ya sa harsashi bai ƙidaya abin da ke hannunsa ba, ya zama abin dariya.

Kuskure na uku shi ne rashin shaida. Ana ɗaukar alkawarin a tsakiyar taro, amma a ɓoye cikin zuciya. Ba wanda ya ji, saboda haka ba mai tambaya. Abin da ba a tambaya kuwa, da sauƙi yake mutuwa.

Wanda yake son ganin alkawari mai rai, bari ya je ya zauna kusa da matan asusu. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aikin Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi. Matan ƙauye ne, da yawansu ba su taɓa shiga lakwal ba, ba su kuma jira tsakar daren wata shekara ba. Sun yanka rana a mako, sun yanka wuri, sun yanka abin da kowace za ta zuba, ana sa shi cikin akwati a kulle a idon kowa. Wadda ba ta zo ba, za a san ba ta zo ba. Dabarar ta bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Dala ashirin a rana ba komai ba ce a ido, amma a shekara ta fi jaka 36. Sannu ba ta hana zuwa.

Bambancin nan yana cikin Bishara. Bitrus ya yi alkawari da dare, da zuciya mai zafi, cewa ko mutuwa ba za ta raba shi da Ubangiji ba. Kafin carar zakara ya yi musu sau uku. Zakka mai karɓar haraji kuwa ya tsaya a gaban mutane ya faɗi adadi: rabin dukiyarsa ga matalauta, riɓi huɗu ga duk wanda ya zalunta. Maganar da ke da adadi, ana iya auna ta.

Wani zai ce, to, ba gara a daina alkawarin ba? A'a. Norcross ɗin nan ya nuna a 2002 cewa bayan wata shida, 46 cikin 100 na masu alkawari sun ci nasara, amma cikin masu buri kawai ba tare da ƙuduri ba, 4 ne cikin 100. Alkawari ba shi da aibi. Abin ƙi shi ne alkawarin wutar kara. Matar da ta ji mijinta ya rantse da barin kwalba shekara biyar a jere ta daina gaskata bakinsa, 'ya'yansa kuma suna koyon cewa magana a gaban Allah abin wasa ce. Wannan hasara ta fi ta kuɗi.

Saboda haka nauyin yana kan fastoci da dattawan ikilisiya. Kada su sallami jama'a da sowa kaɗai. Bari kowane mai bi ya ɗauki abu ɗaya tak, ya faɗi rana da sa'a da adadi, ya kuma kama ɗan'uwa guda da zai riƙa tambayarsa kowace Lahadi. In ya faɗi ran Talata, ya tashi ran Laraba, kada ya jira wani Disamba. Bitrus ma an mai da shi bakin aikinsa ba tare da jiran sabuwar shekara ba. Alkawari kaya ne, mai hankali kuwa yakan jinjina kaya kafin ya ce a aza masa.