JAKIN GIDA YA FI KUƊIN FATARSA

A ƙasar Arewa, tun daga Matankari da Dogon Dutsi har Tibiri da Dumega, babu dabbar da ke yi wa talaka bauta kamar jaki. Shi ke jan wasaki a rijiyoyi masu zurfi na kan tudu, shi ke kai taki gona da rani, shi ke kwaso damman hatsi da kaka. Shi ke fito da dankalin turawa daga fadamar Dallol Mawri zuwa bakin hanya, sau da yawa kuma amalankensa ce ke kai mai naƙuda gidan likita da tsakar dare. Duk da haka, a gidaje da dama shi ne na ƙarshe wajen ci da sha, shi ne na farko wajen shan sanda.

Mutane sukan ji a rediyo labarin ƙungiyoyin ƙetare masu taimakon dabbobi, sai su ɗauka wannan aiki ne na masu kuɗi a ƙasashe masu nisa. Ba haka ba ne. Ɗaya daga cikin dabbobin da ke cikin haɗari a duniya yau yana nan ɗaure a turken gida, kuma mai shi ne ya fi kowa ikon cetonsa.

Ga yadda abin ya faru. A ƙasar Sin ana dafa fatar jaki a fitar da wani magani mai tsada da ake kira ejiyawo. Jakunan ƙasar sun kai kimanin miliyan 11 a farkon shekarun 1990, amma yanka ya rage su ƙwarai, sai ƴan kasuwa suka juyo Afirka. Ƙungiyar Donkey Sanctuary ta Ingila ta ƙiyasta a shekarar 2024 cewa ana yanka jakuna kusan miliyan 6 kowace shekara saboda fata. Nijar ta ɗanɗana wannan ciniki da wuri: an fitar da jakuna 27,000 a shekarar 2015, amma kafin watan Satumba na 2016 adadin ya kai 80,000, kuɗin jaki kuma ya ninka fiye da sau uku. A cikin wannan wata gwamnati ta hana fitar da su. Sai a watan Fabrairu na 2024 shugabannin Tarayyar Afirka, a taronsu na Adis Ababa, suka amince da hana yanka jakuna don fata a nahiyar baki ɗaya.

Doka ta yi nata, amma iyakar Arewa da Nijeriya doguwa ce, kuma jaki ba ya bukatar kwalta kafin ya ƙetara. Jandarma da ma'aikatan duwan ba za su tsare kowace ƴar hanya ba. Mai tsaro na ainihi shi ne maigidan da dillali ya zo wa da kuɗi masu tsoka.

Wani zai ce: talakan da rumbunsa ya ƙare kafin damina, me zai hana shi sayar da abinsa? Wannan magana tana da nauyi, yunwa ba ta jiran huɗuba. Sai dai a yi lissafi. Jaka takan yi wajen wata goma sha biyu da ciki, ta haifi ɗa guda, shi kuma sai ya yi shekaru kafin ya ɗauki kaya. Garken da aka kwashe cikin wata uku ba ya dawowa cikin shekara uku. Kuɗin suna ƙarewa kafin kaka, ɗaukar ruwa da itace kuwa ya koma kan matar gida da ɗiyarta, yarinyar da ya kamata a ce tana lakkwal. In sayarwa ta zama dole, gara a sayar wa manomin da aka sani, wanda zai yi aiki da dabbar.

Taimakon yau da kullum kuma ba ya cin ko dala. A shayar da jaki kafin a ɗora masa kaya da bayan an sauke, musamman da bazara, a bar shi ya huta a inuwa in rana ta take. A gyara akumari, a daidaita mangala, domin yawancin gyambon baya daga nan yake farawa. In miki ya fito, a wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, a sauke masa aiki har ya warke. Baƙin man mota da lalas ƙara masa azaba kawai suke yi. A yi dabaibayi da igiya mai taushi. A ajiye masa rabonsa na harawa, dusa da ƴaƴan gawo, kada a bar shi yana kiwo a juji yana haɗiyar leda.

Rigakafi ya fi magani. A shekarar 2019 murar dawaki ta kashe dubban jakuna a Nijar da maƙwabtanta. Saboda haka duk jakin da ya fara tari ko majina, a ware shi daga sauran, kada a kai shi kasuwa ko mashaya, a gaggauta sanar da ma'aikacin kiwo mafi kusa.

Hukumomi ma suna da nasu kason. Ya dace magadan gari, sarakunan gargajiya da masu gari na gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri su sa ido a kan dillalan da ke tara jakuna da yawa a ranar kasuwa. Ma'aikatan kiwo su riƙa duba jakuna a duk rangadin da suke yi domin shanu da bisashe. Waɗanda suka yi yaƙi da jahilci kuwa su karanta wa maƙwabta wannan bayani a dandali, su kuma tsawata wa yaro tun ranar da ya fara ɗaga sanda ba dalili.

Jaki ba shi da bakin kai ƙara. Haƙƙinsa yana wuyan wanda ke cin moriyarsa.