Tarbar baƙo a ƙofar masallaci ba koyi da Nasara ba ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya ku ƴan'uwa masu sallah a bayana, tun da na ce a sa dattijo guda a ƙofar masallaci ranar Juma'a ya riƙa tarbar baƙi, wasunku suke yaɗawa cewa liman ya ɗauko al'adar majami'a. To ku saurara.

Duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwansa a asibitin Galmi, wanda mishan ɗin SIM suka buɗe a 1950, ya ga Lahadinsu. Matansu Hausawa ne kamar namu, da zane da ɗankwali suke shiga. Akwai mai tsayuwa a ƙofa, ya gaishe ka, ya nuna maka wurin zama, bai tambaye ka ɗan gidan wa ba ne. Ba kuma da ka suke yi ba: wasiƙar Bulus ga Korintiyawa ta umarci mace ta rufe kai in tana addu'a, ta Yaƙubu kuwa ta tsawata wa mai ba attajiri kujera ya bar talaka a tsaye. Aƙidarsu ba mu yarda da ita ba, ba kuma za mu yarda ba. Amma sakin fuska ga baƙo, wa ya ce nasu ne?

Buhari da Muslim sun ruwaito balaraben ƙauye da ya yi fitsari a masallacin Madina. Sahabbai suka taso masa, Annabi (SAW) ya hana su, ya bari har ya gama, ya sa aka kwara guga na ruwa, sannan ya koya masa cikin laushi. Sumamatu ɗan Usal yana mushiriki ya yi kwana uku ɗaure a ginshiƙin masallacin nan, ya fita ya yi wanka ya dawo ya musulunta. Tawagar Nasaran Najran ma a masallaci aka karɓe su.

Mu fa? Yaro ya shekara uku yana ci-rani a Abijan ko Libiya, ya dawo Babankatami da aski irin na zamani da wando mai yage a gwiwa. Ya yi alwala, ya shigo. Tun bai yi kabbara ba an ja masa riga, an kira shi ɗan iska a gaban sahu. Juma'a mai zuwa yana bakin tasha yana shan shayi. Wa zai amsa wannan gobe kiyama?

Ba na sassauta sutura. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, mace kuwa dukkan jikinta ban da fuska da tafuka. Sai dai ku koma ga littattafan Malikiyya da kuke ɗora hujja a kansu: hula ba sharaɗin sallah ba ce, kuma namijin da cinyarsa ta bayyana ba a ce ya sake sallarsa ba. Abin da Halilu bai ɓata ba, kai wane ne da za ka ɓata shi da tsawa?

Dattijon zai tsaya a ƙofa Juma'ar nan, in Allah ya yarda. An ajiye zannuwa da hijabai wankakku a ɗakin ladan. Wanda suturarsa ta gaza, a ja shi gefe a ba shi, ba tare da na kusa ya ji ba. Gyaran sauran kuma ku bar mini, bayan sallama.

Wassalamu alaikum.