Marubutanmu na ta ƙaura a intanet, amma wa ke riƙe da kayan?

A ƙarshen watan Nuwamba na 2023 manhajar OkadaBooks ta rufe shago, bayan shekara goma tana sayar da littattafai ta waya. Okechukwu Ofili ne ya kafa ta a 2013, kuma duk da cewa daga Kudu ta taso, marubutan Hausa, musamman mata, sun zuba mata littattafai ba kaɗan ba. Da sanarwar ta fito sai kowa ya shiga tattara nasa ya nasa. Wasu suka nufi ArewaBooks, wasu suka koma Wattpad, da yawa kuma suka ƙara kama zaurukansu na WhatsApp da hannu biyu. A unguwanni irin su Kambarawa a cikin birnin Katsina, inda 'yan mata da matan aure ke karatun littafi a waya bayan sallar isha'i, tambayar ba ta wuce ɗaya ba: yanzu a ina za a samu ci gaban labarin?

Ba wannan ce ƙaura ta farko ba. Tun a farkon shekarun 2000 Farfesa Abdalla Uba Adamu da abokan tafiyarsa suka buɗe zaurukan Finafinan Hausa da Marubuta a Yahoo, inda aka yi muhawarori masu zafi kan adabi da fim. Daga nan aka shiga zamanin Blogspot da WordPress, lokacin da Ibrahim Sheme ke rubutu a shafinsa na Bahaushe Mai Ban Haushi. Matasa suka yi yayin 2go suka watsar. Facebook ya zo ya kwashe kusan kowa, WhatsApp ya biyo baya, yau kuma ga Telegram da TikTok da YouTube kowanne yana kiran kasuwa. Cikin shekara ashirin da 'yan kai, rubutun Hausa ya sauya masauki fiye da yadda ya sauya tun daga kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 har zuwa bunƙasar adabin kasuwar Kano.

Abin da mai karatu ke nema a wajen dandali ba ɓoyayye ba ne. Yana son abin da ba ya cin data, wanda zai buɗe a ƙaramar waya ko da sabis ya yi rauni. Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, wannan lissafi ya ƙara tsauri. Shi ya sa WhatsApp ya yi wa sauran fintinkau. Ba don ya fi su kyan tsari ba, sai don yana cikin wayar tuntuni, kuma shafin labari yana faɗowa ne a wuri ɗaya da gaisuwar 'yan uwa da sanarwar biki.

Ita kuwa marubuciya, kuɗi take so su shigo ba tare da dogon zagaye ba. An san yadda tsarin yake. Za ta saki shafukan farko kyauta, labari na kaiwa inda ya yi daɗi sai ta tsaya, ta ba da lambar asusu. Mai so ya tura 'yan ɗaruruwan naira ko katin waya, ya aiko da shaidar biya, a saka shi a zauren waɗanda suka biya. Babu ɗan tsakiya, babu jiran ƙarshen wata, babu maganar dala. Bayan kuɗi kuma akwai sharhi, wanda wasu marubutan suka ɗauka da muhimmanci har sukan yi barazanar dakatar da labari in masu karatu suka yi shiru. Wanda ya taɓa buga littafi a takarda ya jira wata shida kafin wasiƙa ɗaya ta iso shi zai fahimci daɗin jin ra'ayin mutane minti biyar bayan sakin shafi.

To amma abin da WhatsApp ya bayar da dama, yakan karɓe da hagu. Ba ɗakin ajiya ba ne. Shafi na 40 yana nutsewa cikin gaisuwa da hotuna, wadda ta shigo a makare sai ta bi mutane tana roƙon a turo mata daga farko. A sace waya, ko kamfani ya rufe lamba, shi ke nan an rasa zaure da mutanen cikinsa. Satar fasaha kuwa ta zama ruwan dare: a kwafe littafin kuɗi a watsa shi kyauta, wani lokaci a goge sunan mai shi, ko a ji wani yana karanta shi a YouTube yana tara masu kallo ba da izini ba.

Duk da haka, idan za a sake ƙaura, tambayoyin da ake yi su ne na da: akwai mutane a can? Ana samun kuɗi? Yana cin data? Ba a cika jin wanda ya tambayi inda ƙofar fita take ba. Ranar da aka gaji da wurin, ko wurin ya gaji da mutane, za a iya kwashe rubutun gaba ɗaya a tafi da shi? Wannan ce tambayar da ta fi sauran nauyi, kuma ita aka fi mantawa.

Tarihi ya isa ya zama gargaɗi. A Disambar 2019 Yahoo ya share abin da aka tara a zaurukansa, bayan shekara guda kuma ya rufe su baki ɗaya. Abin da ya tsira daga muhawarorin marubutan Hausa na wancan zamani shi ne abin da wani ya yi hangen nesa ya adana. A ƙarshen Oktoban 2020 Facebook ya dakatar da sashen Notes, inda mutane da dama ke ajiye dogayen maƙaloli. MySpace, wanda ya taɓa zama gagara-badau a duniya, ya fito a 2019 ya ce waƙoƙin da aka ɗora masa daga 2003 zuwa 2015 sun salwanta garin sauya rumbun ajiya. Waɗannan ba ƙananan kamfanoni ba ne.

Ta fuskar ƙofar fita, tsofaffin dandalin rubutu sun fi na yayi mutunci. Blogger da WordPress duka suna barin mutum ya sauke rubutunsa kaf a fayil ɗaya ya kai wani wuri. Sai dai ko nan ƙaura ba ta rasa asara. Adireshin shafi yana sauyawa, hotuna sukan ɓace a hanya, masu karatu kuwa ba sa shiga fayil. Hausa ma tana da nata ciwon na daban. Rubuce-rubucen da aka buga da tsofaffin haruffan kwamfuta irin su Rabi'at da Abdalla, da zarar an kwafe su zuwa intanet sai ƙ da ɗ da ɓ su rikiɗe su koma wasu alamomi marasa kan gado. Duk mai yawan karatun Hausa a waya ya ci karo da irin wannan, har ya saba yana cike gurbin da ka.

Ba kamfanoni kaɗai ke rufe ƙofa ba. Daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, har ta buɗe shafi a Koo, wata manhajar Indiya, mutane suka bi ta. A Yulin 2024 Koo ɗin ya mutu. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da Funtuwa da Jibiya da Dutsin-Ma, aka yi watanni a haka. A 2025 kuma kamfanin Meta ya yi gargaɗin cewa zai iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya saboda tarar da hukumomi suka ɗora masa. Bai rufe ba. Amma da ya rufe, marubuta nawa ne ke da kwafin abin da suka shekara goma suna wallafawa a can?

Wani zai ce mafita ita ce kowa ya buɗe shafinsa na kansa. Faɗa da baki ke nan. Kuɗin riƙe shafi da dala ake lissafa shi duk shekara, kuma mai karatu ba za ta bar inda ƙawayenta suke ta tafi wani kango ba. Bin jama'a ba laifi ba ne, kuma ba wanda zai hana a ci gaba da ƙaura. Kambarawa unguwa ce da tarihi ya sani da fatauci, kuma fatake sun san zango wurin kwana ne da ciniki, ba wurin da ake barin jari a juya baya ba. Laifin shi ne rubuta littafi kai tsaye a cikin WhatsApp, ba asali a ko'ina.

Abin da ake bukata bai kai kuɗin data na mako ba. A fara rubuta kowane shafi a fayil, a tura kwafi ga imel, a ajiye wani a katin ajiya ko kwamfutar wani amintacce. A riƙe jerin masu karatun da suka biya a wajen manhajar, da yardarsu. Littafin da ya kammala, a fitar da shi a takarda ko da kwafi biyu ne.

Sauran aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. A Katsina Abubakar Imam ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933, yana malami a Makarantar Midil, kuma har gobe ana sayensa a kasuwa saboda an samu maɗaba'a da ɗakunan karatu da suka riƙe shi. Littafin da dubban mata suka karanta a waya shekara bakwai da suka wuce kuwa, sai an yi sa'a a same shi cikakke da sunan mai shi. Sashen da ke koyar da Hausa a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, da reshen ƙungiyar marubuta ta ANA na Katsina, da Hukumar Tarihi da Al'adu ta jihar, ya kamata su haɗa hannu su buɗe rumbun da marubutan waya za su riƙa kai kammalallun littattafansu, da suna da shekara, bisa sharaɗin ba za a raba wa kowa ba sai da izinin mai shi. Su fara da littattafan da suka warwatse bayan rufe OkadaBooks, tun masu su na riƙe da kwafi.